Kallon masu barkwanci ido da ido a Legas: ya cancanci kuɗin tikiti da wahalar hanya?

Bala_Obalende:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni sanin garin nan. Abokan aikina sun dame ni sai mun je wani babban wasan barkwanci da za a yi a Victoria Island cikin Disamba, irin wanda mutum ɗaya zai hau dandamali da makirufo ya yi ta ba jama'a dariya. Ni iyakar sanina da abin a waya ne. Shi ya sa nake ta tunani, tunda ƙarshenta za su ɗora shi a YouTube kowa ya gani kyauta, me zai sa in biya kuɗi, in sha cunkoso, in dawo gida tsakar dare? Sannan maiɗakina ta ce in har zan je, to ƙafata ƙafarta. Wuri ne da mutum zai kai iyalinsa bai ji kunya ba?

Umar_Agege:
Wa alaikumus salam. Malam Bala, ka je. Abin da ake ɗorawa a YouTube an riga an tace shi, an yanke inda wasa ya yi sanyi, an tara masu zafin wuri guda. A zaure kuwa komai a gabanka yake faruwa. Za ka ga mutum ya fito shi kaɗai, ba makaɗa, ba abokin wasa, dubban idanu a kansa. Ya fara jan labari a hankali, wuri ya yi tsit, sai ya saki kalma guda zauren ya ɓarke gaba ɗaya. Wannan ɓarkewar waya ba ta iya ɗauko ta. Na kusa da kai, wanda ba ka taɓa gani ba, yana dukan kafaɗarka yana share hawaye, dariyarsa ta ƙara tunzura taka. Wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe lokacin da aka yi kisa ya san abin da nake nufi, ganin bidiyon washegari wani abu ne daban.

Kuma a nan ne za ka gane gwani. Wani ya shigo a makare yana laluben kujera, ko wayar wani ta yi ƙara, nan take ya mai da abin wasa, ya gina minti biyar a kansa. Har faɗuwa ma abin kallo ce. Ya saki magana ba wanda ya motsa, sai ka zuba ido ka ga yadda zai fid da kansa. Irin wannan ba sa bari ta kai intanet.

Maman_Hanifa:
Yaya Bala, bari in amsa maka ta ɓangaren Hajiya, don ni da maigidana muke zuwa. Mata cike suke da wurin, har masu hijabi kana gani jefi-jefi, ba wanda zai kalle ta sau biyu. Amma kafin ku sayi tikiti ku duba sunayen da ke jikin tallar, ku nemi wasanninsu na baya ku kalla a gida. Akwai masu bakin da ba shi da linzami, batsa ce jarinsu, in suka hau sai ka rasa inda za ka sa fuskarka a gaban matarka. Akwai kuma waɗanda za su kwashe rabin awa kan haya da wutar lantarki da surukai, ba kalma ɗaya ta kunya. Yara kam a bar su gida. Kuma ku sani ana shan giya a ɓangaren tebura, in kun sayi kujerun gama-gari kun ɗan yi nisa da wannan.

Kada ku zauna layin gaba. Na gaba su ne abincin mai wasa.

Injiniya_Sabo:
Ni ban yarda da Umar ba, aƙalla a kan manyan wasannin nan na otal. Wanda na je, ba zan kama suna ba, an rubuta ƙarfe shida a tikiti, ba a fara abin kirki ba sai da dare ya raba hanya da mutane. Da aka fara kuma, mawaƙi ya hau ya sauka, wani ya hau, a yi tallar masu ɗaukar nauyi, a gaida mai girma wane da ya sayi tebur na miliyoyin naira, a tashe shi tsaye a tafa masa. Barkwancin da na biya kuɗi dominsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na daren ba. Mu na baya ma a majigi muke kallon fuskar mai wasan. To in majigi zan kalla, ina da shi a falona.

Umar_Agege:
Injiniya, gaskiyarka a kan lokaci da yawan gaisuwa, wannan ciwo ne da kowa ke kuka da shi. Sai dai ko a majigi kake ganin fuskarsa, dariyar da ke kewaye da kai ta gaske ce.

Zee_Yaba:
Abin da Injiniya ya faɗa shi ya sa na daina bin manyan. Ƙananan wasanni na fi so, waɗanda ake yi a ɗakunan da ba su wuce mutum ɗari ba, a gidajen cin abinci da ƙananan zaurukan wasan kwaikwayo. Kuɗin shiga kaɗan ne, ba mawaƙa, ba mai girma wane. Yara masu tasowa ne ke gwada sabbin labaransu, wani ya burge, wani ya sha ƙasa, wani lokaci babba ya faɗo ba sanarwa don ya gwada abin da zai kai babban dandamali. Kana jin numfashin mai wasan. Yaya Bala, in don ka san daɗin abin ne, ta nan ya kamata ka fara.

Dan_IdiAraba:
Duk kun tsallake abin da ya fi damuna. Malam Bala, ka shirya jin an taɓa ka. Da wuya a gama dare ba a kawo Bahaushe ba, kuma kullum mutum ɗaya ne: aboki mai gadi, aboki mai tsire, aboki mai canji, wanda ba ya bambance "p" da "f", ga rediyo a kunne ga wuƙa a ƙugu. Na taɓa zama da hulata a ka, mai wasan ya hango ni ya ce ga aboki can, wa ya bar masa gadin ƙofa. Zaure ya kwashe da dariya, na kusa da ni suna waiwayena. Na yi murmushi don kada a ce na cika zafi, amma abin ya tsaya min a rai har na isa gida. A nan garin aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina.

Chairman_Mile12:
Haba Dan_IdiAraba, ai ba wanda suka bari. Inyamuri da son kuɗi, Bayarabe da biki da barkono, mutumin Warri da rigima, fasto, ɗan sanda, gwamna, har shugaban ƙasa. Wanda bai iya ɗaukar tsokana ba ai bai kamata ya shiga wurin ba.

Dan_IdiAraba:
Chairman, akwai bambanci. In an taɓa Inyamuri, na gaba da zai karɓi makirufo Inyamuri ne, zai rama. In an taɓa Bayarabe haka. Mu wa ke hawa ya rama mana?

Bagobiri_na_Ikko:
Wanga magana ta Dan_IdiAraba ita ce gaskiya. Mu Gobirawa Yarabawa abokan wasanmu ne tun kaka da kakanni, in na hadu da Bayarabe a kasuwa sai mun gaji da tsiya kafin mu yi ciniki, kuma ba wanda ka fushi. Haka Barebari da Fulani, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zazzagawa. Amma sharaɗin wasan ga shi ne kowa na da baki, in ka ba ni in ba ka. In mutum guda ad da makirufo, ɗayan na zaune cikin duhu, to an bar wasa an koma wani abu.

Malam_Nuhu_Unilag:
Bari in ɗan koma baya, don akwai dalilin da ya sa dandamalin yake da irin fuskar da yake da ita. Sana'ar nan a matsayin abin da ake sayen tikiti a shiga ba ta daɗe ba a Najeriya. Ali Baba, ɗan Warri, ya zo Legas a farkon shekarun 1990, lokacin ana ɗaukar mai barkwanci ɗan cike gurbi ne a wurin biki. Shi ya dage sai an biya shi kuɗin mutunci, ya sa kwat ya shiga tarukan bankuna da manyan kamfanoni. Sannan a 1995 Opa Williams ya fara shirya taron masu barkwanci mai suna Night of a Thousand Laughs, wanda faya-fayensa suka cika ƙasar nan, ana sayar da su a cikin cunkoson motoci. Ta wannan hanya mutane suka san irin su Basketmouth da I Go Dye da Gordons. Daga baya kowane babba ya kafa nasa: AY yana cika otal ɗin Eko ranar Lahadin Ista, Ali Baba yana nasa ranar ɗaya ga Janairu.

Ku lura da yawansu 'yan yankin Neja Delta ne ko can suka yi karatu, shi ya sa Turancin buroka ya zama harshen sana'ar. Bahaushen da suka sani kuwa shi ne wanda suka gani a bakin ƙofa da wurin mai tsire. Ba ina wanke su ba ne, amma wanda bai taɓa ƙetare Kwara ba abin da ya gani zai kwaikwaya.

Bala_Obalende:
Na gode ƙwarai, ina biye da ku. Maganar buroka ma ta tuna min, ni ina ji daidai gwargwado saboda wurin aiki, amma ita ba ta daɗe da zuwa daga Gusau ba. Anya za ta fahimta?

Maman_Hanifa:
Za ta tsinci rabi, sauran kuma fuska da motsin jiki za su ba ta. 'Yan Warri ne masu sauri, in suka ɗau zafi ni ma sai na taɓa maigidan na ce me ya ce. Sai dai ka sani in kana fassara mata ɗaya, biyu sun wuce ku.

Abu_Sumayya:
'Yan'uwa, ina ganin an yi nisa ba a tambayi abin da ya kamata a fara tambaya ba. Hadisi ya tabbata a Abu Dawud da Tirmizi cewa azaba ta tabbata ga wanda ke ba da labari ya yi ƙarya don ya ba mutane dariya. Aya ta 11 a Suratul Hujurat kuma ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Abin da Dan_IdiAraba ya ba da labari ai shi ne izgilin. Ga cakuɗuwa, ga giya a gefe, ga sallar da za ta iya kuɓucewa. Malam Bala, ina ba ka shawara don Allah ka yi tunani.

Ummu_Khalil:
Allah ya saka da alheri Malam Abu_Sumayya, tunatarwa ce mai kyau, kuma maganar izgili da batsa ba mai musunta. Sai dai raha kanta ba a hana ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana raha, amma ba ya faɗin sai gaskiya. Wani ya roƙe shi abin hawa ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa, ya ce ai kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Kuma akwai malaman da suka bambance ƙaryar da ake yi don a yaudari mai ji da labarin da kowa ya san ƙagagge ne. Ni dai abin da nake yi, ina zaɓen wanda zan saurara, in ya kauce in tashi. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Abu_Sumayya:
Malama, tashi daga tsakiyar zaure mai dubban mutane bayan ka biya kuɗi ba kowa ke iyawa ba. Amma na ji bayaninki, Allah ya sa mu dace.

Baba_Na_Fagge:
Yarana, ina karanta ku ina mamakin yadda kuke magana kamar daga Legas aka fara tsayawa gaban jama'a a ba su dariya da baki kawai. Mu da muka tashi a Kano mun ga 'yan kama. Mutum zai zo da rawani da buzu, ya zauna kamar babban malami, ya gyara murya, almajirinsa na gefe yana amsawa, sai ka ji duk karatun a kan tuwo da miya da fura ne. Su ɗauki waƙar babban makaɗi da kowa ya sani, su juye ta ta koma ta abinci, murya da karin duk iri ɗaya. Akwai 'yan gambara a kasuwanni, su kam bakinsu ba na gaban yara ba ne, wanda suka tare sai ya ba da kuɗi don su ƙyale shi. A fada akwai wawan sarki, shi kaɗai ke iya faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba, kuma a yi dariya a wuce. Ga tashe da azumi, Nalako na bin gwagware. Duk ido da ido ake yi, a fili, kuma mai wasa na karanta fuskokin mutane kamar yadda Umar ya kwatanta.

Abin da ba mu yi ba shi ne mu sa wa abin rufi da ƙofa da tikiti. Mun bar shi a hannun roƙo, shi ya sa ɗan mutunci ke gudunsa, har masu yi suka ƙare ba magada.

Zee_Yaba:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa jin 'yan kama ba sai yau.

Hamza_BUK:
Baba ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Masu ban dariya ai muna da su, kuma gwanaye. Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero a talabijin, sannan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda har ya rasu a Disamban 2014 fitowarsa kawai ta isa a fara dariya. Ga su Bosho da Daushe. Amma duk ta wasan kwaikwayo suka bi, da abokan wasa da kyamara. Yanzu kuma kowa ya koma guntun bidiyo a TikTok. Mai tsayawa da makirufo sai dai a wurin dinar biki, yana tsokanar ƙawayen amarya yana kiran a zo a yi liƙi. MC Tagwaye ya yi suna da kwaikwayon muryar Buhari, amma shi ma tarukan manya suka fi saninsa.

Kuma kada mu manta akwai tsoro. Ibro kansa an ɗaure shi a Kano a 2008 a kan harkar tace fina-finai. Barkwancin dandamali kuwa da taɓa masu mulki yake rayuwa. Yaron da ya san kalma ɗaya za ta iya kai shi gaban alƙali, ko a yanko rabin maganarsa a yaɗa a ce ya taɓa malamai, ina zai samu sakin baki? Ko karatun 'yan kama da Baba ya faɗa, a yau wa zai yi shi a ɗauka a waya ya kwana lafiya?

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum daga Nijar. Ina jin daɗin hirar ga. Mu nan wasan taubasantaka da Bagobiri ya kawo har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, da sunan ƙasarmu, irin na Gobirawa da Zabarmawa ko Fulani da Arawa. Kuma muna da ɗanmu da ya kai ƙololuwa a sana'ar, Mamane, haifaffen Agadas. Shi ne mai sharhin nan a RFI kan ƙagaggiyar ƙasar Gondwana, inda yake caccakar shugabannin Afirka ba tare da ya kama sunan kowa ba, kuma shi ya kafa bikin barkwanci na Abidjan. Dabararsa za ta amsa tsoron da Hamza ya faɗi: ka ƙirƙiri ƙasa, kowa ya gane tasa. Sai dai da Faransanci yake yi. Kun ga ku buroka, mu Faransanci, Hausa dai ita aka bari a baya ta kowane gefe.

Injiniya_Sabo:
To ko an buɗe a Kano wa zai saya? Mutanenmu sun saba dariya kyauta ce, a majalisa da wurin mai shayi.

Hamza_BUK:
Injiniya, mutanen da ke biyan kuɗi su shiga gidan kallon ƙwallo kowane mako, su cika gidan dambe da wasan sallah? Za su saya in an yi da rana, aka ware wa iyali wuri, aka tsaftace baki. A fara da zaurukan jami'a. A Zariya ma akwai dandalin wasan kwaikwayo na ABU da ya daɗe yana tara 'yan kallo.

Chairman_Mile12:
Kun kai mu Kano da Abidjan, bawan Allah yana Obalende yana jiran amsa. Malam Bala, kai ka ma huta, tsakaninka da Victoria Island ba nisa. Mu da ke ƙetaren ruwa ne ke shan gadar Third Mainland da tsakar dare. Ka sayi tikiti tun da wuri ta hanyar da masu wasan suka sanar, kada ka saya hannun masu tsayawa a bakin ƙofa. Ku ci abinci a gida, na ciki tsada. Ku yi isha kafin ku shiga. Ka shirya wanda zai mai da ku tun kafin a tashi, don cikin Disamba in aka watse lokaci guda kuɗin mota ninkawa yake.

Maman_Hanifa:
Kuma ta tafi da mayafi mai kauri, sanyin zaurukan nan ba wasa ba.

Dan_IdiAraba:
Ni ban ce kada ya je ba. Cewa na yi ya san abin da zai tarar. Hasali ma na fi son mu riƙa zuwa da yawa, da hulunanmu, don in mai wasa ya ga layi guda na Hausawa sun biya kuɗinsu sun zauna, dole ya nemo sabon labari a kanmu ban da na gadi. Amma har yanzu maganata tana nan, sai namu ya hau.

Umar_Agege:
To ai ga Agege da Idi-Araba da Mile 12, Hausawan da ke nan sun isa cika ƙaramin ɗaki. Akwai wani yaro a layinmu da in ya fara kwaikwayon yadda fasinjan arewa ke ciniki da kwandastan danfo, wato bas ɗin haya na Legas, sai mai shayi ya ajiye ludayi. Minti goma kawai yake buƙata da makirufo. Zee, irin wuraren da kike zuwa suna barin sabon shiga ya gwada?

Zee_Yaba:
Wasu suna bari, ana rubuta suna tun da yamma a ba kowa 'yan mintuna. Amma da buroka zai yi, in ya yi da Hausa zalla ba wanda zai gane. Sai dai in ku za ku biyo shi ku cika kujerun.

Abu_Sumayya:
In har za a yi, a roƙe shi ya bar addini da mutuncin mutane a gefe.

Bala_Obalende:
Zee, ƙananan nan da kike faɗa, a tsakiyar mako ake yinsu ko ƙarshen mako? Kuma akwai wanda ake tashi kafin sha ɗaya? Ita Hajiyar ta karanta abin da Maman_Hanifa ta rubuta ta ce babban take so, ni kuma maganar Injiniya ta tsaya min.